Fitsari Ba Ya Jirana: Ko In Sha Ƙwayar Hormon?

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 56, a nan Maradi nake zaune. Haihuwata tara, bakwai na raye. Al'ada ta ɗauke mini shekara biyar ke nan. Yau kusan shekara biyu fitsari ba ya jirana: da ya matso ni, kafin in ɗauki buta in kai bayan gida ya zubo. Da dare ina tashi sau uku ko huɗu. In na yi tari mai ƙarfi ko atishawa ma yakan ɗiga, amma bai kai wancan ba. Gabana ya bushe yana yi mini zafi, har na fara guje wa maigida ranar girkina, shi kuma yana ganin gajiya na yi da shi. Na daina zuwa Islamiyya, na daina zuwa biki, kullum ina cikin shakkar alwalata. Na rage shan ruwa, ban ga sauƙi ba. Ɗiyata da ke aure a Yamai ta ce ƙarancin hormon ne, akwai ƙwayar da matan Turai ke sha, za ta saya ta aiko mini. Ƙanwata ta ce kar in kuskura, cutar kansa, wato ciwon daji, take sawa. Aminiyata kuma ta kawo mini haɗin matsi ta ce in gwada. Ina shan maganin hawan jini. Babban tsorona kar a ce yoyon fitsari gare ni. Don Allah wanne zan bi?

Wata uwa, daga Maradi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu Hajiya, sannu da haƙuri, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne. Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki shi ne barin Islamiyya. Mace ta haifi tara, ta yi ɗawainiyar gida shekara da shekaru, lokacin da ya kamata ta zauna cikin ƴan'uwanta mata ta yi karatu ta sha iska, sai ga shi ta kulle kanta a ɗaki saboda larurar da ke da magani. Ina so ki koma makarantarki, kuma a kan wannan niyyar zan yi miki magana.

Amsar tambayarki ita ce: ki ce wa ɗiyarki ta dakata, kar ta sayi ƙwayar nan. Haɗin matsin ma ki ajiye shi. Akwai maganin hormon da ke taimaka wa irin matsalarki, amma ba na haɗiya ba ne, kuma ba a fara shi sai likita ya duba ki. Ɗiyarki ta gano inda ciwon yake, hanyar magani ce ta kuskure mata. Ƙanwarki ma ba daga sama ta ɗauko tsoronta ba, sai dai ta haɗa magunguna biyu daban ta yi musu hukunci ɗaya.

Kafin mu kai can, bari in cire miki babban tsoron. Abin da mutanenmu ke kira yoyon fitsari, wanda ake jin tsoron a ambata, ɓula ce ke samuwa tsakanin mafitsara da gaba, galibi bayan doguwar naƙuda. Mai shi fitsari na zuba mata dare da rana ba tsayawa, ba ta ma jin ya matse ta, kuma abin yakan fara ne ƴan kwanaki bayan haihuwa. Ke kuwa kina jin matsi, mafitsararki tana tara fitsari, abin ya zo miki shekaru bayan kin gama haihuwa. Alamomin da kika faɗa ba na ɓula ba ne. Ko da ma shi ne, ba abin ɓoyo ba ne, ana yin aikinsa a warke. Ga cibiyar Danja nan kudu da Maradi, tun 2012 take yi wa mata wannan aikin. Na faɗa ne saboda wata da za ta karanta ta ga alamominta sun fi kama da wancan.

To me ke faruwa da ke? Yawancin mata al'ada na ɗauke musu tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma daga nan jiki ke rage samar da sinadarin istirojin, wato hormon ɗin da ɗiyarki ke nufi. Mutane sun ɗauka aikinsa haila da haihuwa ne kawai. Alhali fatar cikin gaba, da bututun da fitsari ke bi, da wuyan mafitsara, duk da shi suke samun kauri da laushi da danshi. In ya yi ƙasa sai su sirance su bushe, kamar salkar da aka rataye aka daɗe ba a zuba mata ruwa ba. Daga nan bushewa da zafin da kike ji suka fito, daga nan kuma mafitsara ke zama mai saurin firgita: fitsari kaɗan ya taru sai ta matse da kanta ba tare da izininki ba. Shi ya sa wasu matan ƙarar ruwa kawai za su ji, ko su fara zuba ruwan buta a hannu don alwala, sai abin ya taso musu gaba ɗaya. Ɗigar da kike yi in kin yi tari kuwa wani abu ne daban. Wannan raunin tsokokin ƙasan ƙugu ne, waɗanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa, kuma ciki tara ba wasa ba ne a kansu. Kenan iri biyu ne suka haɗu miki, na matsi ya fi yawa, na tari yana biye. Raba su yana da amfani, domin kowanne da abin da yake ji.

Yanzu maganar ƙwayar. Shekaru da yawa likitoci ma irin tunanin ɗiyarki suke yi: tunda istirojin ne ya ragu, a mayar da shi ta baki, komai zai daidaita. Sai aka yi wani babban bincike a Amurka a kan mata sama da 27,000 masu shekara 50 zuwa 79, aka ba wasu ƙwayar hormon, wasu aka ba su ƙwaya marar magani a ciki. Da sakamakon ɓangaren fitsari ya fito a 2005, sai aka ga akasin abin da ake zato. Matan da ba su da zubar fitsari a da, waɗanda suka sha hormon sun fi sauran kamuwa da ita cikin shekara guda. Waɗanda kuma dama suna da ita, ta ƙaru musu. A 2012 masana suka tattara gwaje-gwaje da dama suka sake dubawa, hukuncin bai canza ba: istirojin na haɗiya yana iya ƙara zubar fitsari. Saboda haka in ɗiyarki ta kashe kuɗinta ta aiko, mai yiwuwa ne abin da kike gudu shi zai ƙaru.

Ba ina cewa ƙwayar ba ta da amfani ba. Macen da zafin jiki ke taso mata kamar an kunna wuta, gumi ya jiƙe ta da dare ya hana ta barci, ita ce aka yi ƙwayar dominta, musamman in ba ta kai shekara 60 ba ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba. Ke ba ki ambaci wannan ba. Kuma ko ga mai buƙatarta, sai an duba hawan jini, an tambayi tarihin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki da kansar nono. Mace mai mahaifa ba a ba ta istirojin shi kaɗai ta baki, dole a haɗa da wani sinadari mai suna furojestin, in ba haka ba bangon mahaifa yana iya yin kauri har ya rikiɗe ya zama cutar kansa. Abin da ke da irin waɗannan sharuɗɗan ba a aiko shi a leda ta hannun direban mota.

Wanda ke taimakawa shi ne istirojin da ake sawa a cikin gaba kai tsaye. Yana zuwa a matsayin man shafawa mai ɗan bututun turawa, ko ƴar ƙwaya da ake cusawa, a wasu ƙasashen har da zobe mai laushi da ke zama wata uku. Maganin da ke cikinsa kaɗan ne, yana aiki a inda aka sa shi, abin da ke shiga jini kuwa ɗan ƙalilan ne. Wancan nazari na 2012 ya nuna matan da suka yi amfani da shi sun samu sauƙin matsi, kuma zuwansu bayan gida ya ragu da kamar sau ɗaya zuwa biyu a yini da dare. Kar ki raina wannan. Ga mai tashi sau huɗu, ragin ɗaya ko biyu barci ne. Yana kuma gyara bushewa da zafin kwanciya, a nan ma ya fi nuna ƙarfinsa, sannan yana rage yawan kamuwa da ciwon sanyin mafitsara. Wani gwaji da aka buga a 1993 ya nuna matan da ciwon ke yawan dawo musu, waɗanda suka sa man istirojin bai kai sau ɗaya yake kama su a shekara ba, sauran kuwa kusan sau 6.

Yadda aka saba ba da shi: kowane dare na mako biyu zuwa uku, daga nan sau biyu a mako. Ki yi fitsari, ki wanke hannu, ki kwanta rigingine ki ɗan ɗaga gwiwa, ki tura abin a hankali, ki yi barcinki. Tunda da dare ake sa shi, ko a watan azumi bai shafi yininki ba. Ba a ganin aikinsa a kwana biyu. Wata tana jin canji a mako uku ko huɗu, wata sai ta kai wata uku. In an bari kuma bushewar na dawowa, don haka abu ne da ake ci gaba da shi, likita yana dubawa lokaci-lokaci. Kar in yi miki alkawarin da ba zai cika ba: a kan matsi da bushewa yake aiki, ɗigar tari ba ta cika jin sa ba. Ita maganinta na hannunki, zan zo kansa.

Ki zaunar da ƙanwarki ki yi mata bayani, don ƙauna ce ta sa ta hana ki. Labarin da ta ji ya samo asali ne daga wancan binciken na Amurka, wanda aka tsayar da wani ɓangarensa a 2002 da aka ga ƙarin kansar nono da shanyewar jiki da daskarewar jini ga masu shan haɗin ƙwayar. Labarin ya zaga duniya, ya bar tsoro a zukatan mata har yau. Amma a kan ta haɗiya aka yi shi. Na sawa a gaba, mai ƙaramin ƙarfi, binciken da aka yi a kansa bai nuna yana ƙara waɗannan haɗurran ba, kuma hawan jininki ba ya hana ki amfani da shi. Mata biyu ne ba za su taɓa shi ba sai da hukuncin likita na musamman: wadda ta taɓa yin kansar nono ko ta mahaifa, da wadda ke ganin jini bayan al'ada ta ɗauke.

Wannan na biyun zan nanata shi, domin ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. In shekara ta zagayo ba ki ga al'ada ba, sannan kika ga jini, ko ɗigo ɗaya ne a zane, ba al'ada ce ta dawo ba. Ki je asibiti a wannan makon. Sau da yawa ba wani abin tsoro ba ne, siriricewar fata ce, amma kansar mahaifa ma da haka take fara sallama, kuma in an kama ta da wuri ana cin ƙarfinta.

Matakin farko dai shi ne a duba ki. Ki fara da asibitin unguwarku ki ga ungozoma, in da buƙata ta tura ki wajen likitan mata a cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ko babban asibitin jiha. In kin fi sakewa da mace, ki faɗa tun a bakin ƙofa, ba laifi ba ne. Ki nemi a yi miki gwajin fitsari, domin ciwon sanyin mafitsara kaɗai yana iya kawo duk wannan matsin, kuma magani na ƴan kwanaki ke kashe shi. A auna sugan jininki. Ciwon suga yana sa yawan fitsari da tashin dare, kuma mutane da yawa suna yawo da shi ba su sani ba. A duba ko mahaifa ko mafitsara ta sauko, musamman in kina jin nauyi ko kamar wani abu ya tokare a gaba in yamma ta yi. In kin taɓa ganin jini a fitsari, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba. A ƙasarmu akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da gulbi, tana iya daɗewa a mafitsara tun ƙuruciya, kuma jini a fitsarin babba ba abin da ake sakaci da shi ba ne.

Sai maganin hawan jininki. Ki tafi da kwalinsa a jaka. Wasu daga cikin magungunan hawan jini aikinsu ke nan, su sa ƙoda ta fitar da ruwa, kuma in ana shan su da yamma dare ne zai biya. Wasu kuma suna sa busasshen tari, tari kuwa kin san abin da yake jawo miki. Likita na iya mayar miki da shi safe ko ya sauya wani. Amma don Allah kar ki daina sha da kanki. Jiƙa zane abu ne mai ciwo, shanyewar ɓarin jiki ta fi shi nesa ba kusa ba.

Aminiyarki ta yi abin da ta sani, ki gode mata. Sai dai haɗin matsi an yi shi ne don ya busar ya tsuke, ke kuwa bushewa ce ciwonki. Fatar da ta riga ta sirance in aka sa mata irin waɗannan tana iya tsagewa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Haka turaren tsugunno, da sabulu mai ƙamshi, da wanke can ciki da ruwan zafi ko gishiri. Duk ki huta da su. Ruwa zalla daga waje ya isa, ki tsane da tsumma mai laushi, ki shafa ɗan basilin a inda fitsari ke taɓawa don kar fata ta saɓule. Masu yawo da magani a faranti cikin rana kuwa, kar ki karɓi komai a hannunsu da sunan maganin sanyi. In likita ya rubuta miki takarda, ki kai ta farmasi.

Rage shan ruwan da kika yi, na gane dalilinki, amma yana cikin abin da ke ƙara miki wahala. In ruwa ya yi ƙaranci fitsari yana yin kauri, ya yi ja, ya yi wari, ya riƙa cizon mafitsara, ita kuma ta ƙara firgita. Ga taurin bayan gida da ke biyo baya, wanda shi ma danna mafitsara yake. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, mai hawan jini ta hana kanta ruwa, ƙodarta take cuta. Ki sha kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu, fiye da haka in ana tsananin zafi, amma kaɗan-kaɗan daga safe zuwa la'asar, kar ki kafa kai ki shanye kwano guda. Ki sassauta awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Furar dare ki mayar da ita ta rana. Abin da ya kamata ki rage shi ne shayi mai ƙarfi, da kofi, da lemun kwalba baƙi, da goro. Na san goro ba ƙaramin aboki ba ne ga iyayenmu mata, amma sinadarin da ke hana barci a kofi yana cikinsa, kuma yana tsokanar mafitsara. Ki gwada barinsa mako biyu ki gani da idonki. In kina da jiki, rage ƙiba ma na taimakawa: a wani gwaji na 2009, matan da suka rage kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsu, zubar fitsarinsu ta ragu da kusan rabi.

Ga aikin da na ce yana hannunki, wanda ba ya cin ko dala. Tsokokin nan na ƙasan ƙugu ana ƙarfafa su kamar kowace tsoka. Ki zauna ko ki kwanta, ki matse kamar kina riƙe iska a cikin mutane kuma kina riƙe fitsari a lokaci guda, ki ji abin ya ɗago sama. Kar ki riƙe numfashi, kar ki matse ciki ko cinya. Ki ƙirga uku ki saki, ki huta daidai haka, ki sake. Sannu a hankali ki kai ƙirga goma. Aƙalla sau takwas a zama ɗaya, zama uku a rana. Ki ɗaura shi a kan abin da ba ki mantawa: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i, kina zaune a kan darduma ba wanda ya san abin da kike yi. Sai an yi wata uku ana yi kafin a yanke hukunci, kuma yawancin waɗanda suka ce bai yi musu aiki ba a mako na biyu suka bari. Ki roƙi ungozoma ta duba ko daidai kike matsewa, domin wasu turawa ƙasa suke yi suna zaton matsewa ce. Kar ki mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yi ya zama atisayenki. In kin ji tari ko atishawa na zuwa, ko za ki ɗaga bokiti ko jika, ki riga shi matsewa.

Ita ma mafitsara ana horar da ita. In matsin ya taso, abin da jiki ke ce miki shi ne ki ruga. Gudun nan shi ke zubar da shi. Ki tsaya cak, in da wuri ki zauna, ki matse tsokokin nan da sauri sau biyar ko shida, ki ja numfashi, ki kai hankalinki wani wuri. Matsin yakan hau ya kai ƙololuwa sannan ya sauka. In ya sauka ki tashi ki tafi da tafiyarki ta kullum. Sannan ki sa wa kanki lokaci: in yanzu kowace awa kike zuwa, ki tsaya a kan awa ɗin, bayan mako ki ƙara minti 15, haka-haka har ki kai awa biyu zuwa uku. Wannan yana ɗaukar aƙalla mako shida. Za a samu ranar da zai kufce miki, ki wanke ki ci gaba. Da dare ki ajiye fo da fitila kusa da gado. Fita tsakar gida cikin duhu da sauri shi ke kayar da mata su karye.

In an yi wata uku da man da atisayen ba a samu yadda ake so ba, hanya ba ta ƙare ba. Akwai ƙwayoyin da ke kwantar da mafitsara, ba na hormon ba. Wasunsu na busar da baki da ciki, ga tsofaffi kuma suna iya kawo ruɗewa, wani kuma yana ɗaga hawan jini, shi ya sa likita ne zai zaɓa miki. In mahaifa ce ta sauko, akwai zoben roba da ake sawa ya tallafe ta, akwai kuma tiyata ga wadda ɗigar tarinta ta yi tsanani.

Maganar salla kuwa, Hajiya, addini bai bar ki a baya ba. Malaman fiƙihu sun san wannan larura tun da daɗewa, suna kiranta salasul bauli. A mazhabarmu ta Malikiyya, in fitsari na fita ba da son mutum ba har ya ci rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, sai dai an so a sabunta ta a kowace salla. In bai kai haka ba, sai a sake alwala in ya fita. Akwai kuma rangwame game da abin da ya taɓa tufa ga wadda abin ke samunta kullum. Ki kai wa malamarku bayanin yadda naki yake, ta faɗa miki inda kika faɗa. Ki yi fitsari dab da salla, ki yi tsarki, ki sa ƙunzugu mai tsabta ko audugar mata, ki ware zane ɗaya na salla. In kin idar kar ki bi shakka. Ranar makaranta ma haka: ki bar shayi da safe, ki zaga kafin ki fita, ki sa canji a jaka, ki zauna kusa da ƙofa. Ina da yaƙinin a cikin ajin nan akwai masu irin larurarki, kowacce ta yi shiru tana zaton ita kaɗai ce.

Saura maigida. Ki tsaya a inda yake ki duba: matar da suka shekara da shekaru tare ta fara juya masa baya ranar girkinta, ba ta ce masa komai ba. Ba shi da abin da zai fassara wannan da shi sai ƙi. A gidan da ake raba kwana kuma, irin wannan shirun yakan haifi maganganun da ba ki shirya musu ba, daga bakin waɗanda ba su san komai ba. Ba sai kin zayyana masa duka ba. Ki sami lokacin da kuke ku biyu ki ce: "Alhaji, ba gudunka nake ba. Tun da al'ada ta ɗauke jikina ya canza, ina jin zafi, kuma an ce akwai magani. Ina so ka taimaka mini in je asibiti." Namiji da yawa in ya ji lafiya ce, ba ƙiyayya ba, nauyi ne ke sauka daga ƙirjinsa. Kula da lafiyarki haƙƙinki ne a kansa, kuma haƙurin ƴan makonni kafin magani ya kama ba abu ne mai yawa da za ki nema ba. Kafin nan akwai man santsi na ruwa da ake sayarwa a farmasi don kwanciya, ba ya buƙatar takardar likita. Ki yi fitsari kafin da bayan. Man istirojin ɗin kuwa ba na wannan aikin ba ne, a daren da za ku kwanta ki sa shi bayan kun gama. In kin ji zafi ki faɗa, kar ki cije. Cijewa ce ke sa jiki ya ƙara ɗaurewa a karo na gaba. In bakinki ya yi nauyi, ki nemi ya raka ki, likita ya yi masa bayani da kansa.

Ɗiyarki kuma kar ki kashe mata gwiwa. Yarinyar da uwa ta iya gaya wa irin wannan, ta kuma tashi neman mafita, abin a sa mata albarka ce. Ki ce mata kuɗin ƙwayar ta turo a yi gwaji da su. In likita ya rubuta man aka rasa shi a farmasin Maradi, sai ki ɗauki hoton takardar ki aika mata ta saya a Yamai, daidai abin da aka rubuta.

Kafin ki je, ki yi kwana uku kina lura: sau nawa kike fitsari da rana, sau nawa da dare, sau nawa ya kufce, me kike yi a lokacin, me kika sha kafin nan. In rubutu zai yi miki wuya, ki ajiye kwano biyu da tsakuwa, ɗaya na zuwa bayan gida, ɗaya na kufcewa, ki ƙirga da safe wata ƴarki ta rubuta. Ki tafi da wannan da kwalin maganin hawan jininki. In kuwa kafin ranar kika ga jini, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka kama ki, ko fitsarin ya ƙi fita gaba ɗaya, kar ki jira, ki tafi a ranar. Allah ya sa a dace, ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Ki rubuto mini bayan wata uku in ji yadda ake ciki.